Yaushe Za Ka Kira Ta? Jagora Ga Mai Neman Aure a Tawa da Adar

In dai yarinya ce ta karanto maka lambarta da bakinta, ko ta karɓi wayarka ta rubuta da hannunta, to ka kira ta washegari. In wani uzuri ya riƙe ka, jibi. Kada ka wuce haka. Wannan ita ce tambayar da ake ta juyawa a kowace fada ta samarin Tawa, daga Bilbis har Wadata, ana zuba shayi ana gardama. Wani ya ce kwana uku, wani ya ce mako guda, wani kuma ya ce ka bari sai ta fara zaton ka manta da ita, a nan ne darajarka za ta fito. Shawarar ƙarshen nan ita ce mafi muni, kuma ita samari suka fi ɗauka.

Ƙidayar kwana uku ba a nan aka haife ta ba. Daga Amurka ta taso, inda wani fim mai suna Swingers na 1996 ya yaɗa gardamar kwana nawa ya kamata namiji ya jira, bayan wani littafi mai suna The Rules ya fito a 1995 yana hana mata su fara kiran maza. A can mutum biyu ne ke lamarinsu su kaɗai, kowa na ɓoye zumuɗinsa don kada a raina shi. A Adar kuwa yarinyar da ta ba ka lamba ta riga ta yi kasada. Ƙawarta ta gani, wataƙila ƙanenta ma ya gani. In ka yi shiru kwana biyar, ba za ta ce ga mai aji ba. Za ta ce ga ɗaya daga cikin masu tara lambobi, kuma ƙawar nan za ta taya ta faɗa. Ranar da ka kira, da wankin kai za ka fara maimakon gaisuwa.

Sai dai ba kowace lamba ce ta fito daga hannun mai ita ba. Wata aboki ne ya samo maka, wata ka tsinto ta a zauren WhatsApp na ƴan biki, wata kuma wurin mai cajin waya aka leƙo ta. Irin wannan lamba ba ta da ranar kira, ko kusa ko nesa. Tambayar farko da za ta yi maka ita ce wa ya ba ka, kuma duk amsar da ka bayar ta ɓata wani. Ga kuma abin da ƴan birni ke mantawa: a ƙauyukan Kalfu, Barmu, Afala ko Takanamat, sau da yawa wayar ba ta yarinyar ba ce ita kaɗai. Ta innarta ce, ko wadda yayanta ya aiko daga Abijan, tana rataye a ɗaka kowa na ɗauka. Saƙon muryar da ka tura da tsakar rana, a tsakar gida za a saurare shi, gaban matan gida duka. A nan hanyar da ta fi ita ce tsohuwar hanya, wato aike. Ƙanwarka, ko matar yayanka, ko wata ƙawarta mai hankali ta je ta ce mata wane ya gan ki, yana son ya zo ku gaisa, kin yarda? In ta yarda, lambar za ta biyo ƴar aiken, sai ka koma ga ƙa'idar washegari.

Kiran farko gajere ne. Ka tanadi kiredi isasshe, kada ka yi mata bip kana jiran ta kira, domin wanda ya fara neman aure da bip ya riga ya faɗi abin da zai iya. Ka yi sallama, ka gaida ta, ka faɗi sunanka da na gidanku tun ba ta tambaya ba:

"Ina wuni? Ni ne muka gaisa jiya a gidan biki a Garkawa, ƙanen mijin wance. Ya gajiyar biki? Ya su Inna?"

Daga nan ka tambaye ta ko lokacin ya dace da magana. In ta ce tana aiki, ka ce wane lokaci ya fi mata, ka kuma kira a daidai lokacin. Kada ka nemi hoto, kada ka zuba kalaman da ka haddace, kada ka tsare ta da ina kike, wa ke kusa da ke. Minti uku zuwa biyar sun isa, kuma kai za ka fara yin sallama. Abu ɗaya ne mai nauyi ya cancanci shiga wannan kira ko na biyunsa, shi ne ka tambaye ta kai tsaye, cikin ladabi, ko akwai maganar wani a kanta.

Game da lokaci, ka duba yinin mace yadda yake. Da safe akwai shara, ɗibar ruwa, daka ko kai niƙa. Da rana akwai damun fura da girki, ko makaranta. Tazarar da ke tsakanin La'asar da Magariba ita ce mafi sauƙi, sai kuma bayan Isha'i kaɗan, kafin a rufe ƙofar gida. Kiran tsakar dare, ko da kamfanin waya ya sauƙaƙa kuɗinsa, ba na mai shigowa ba ne. Uwa tana jin ƙarar waya ko da barci take, kuma za ta auna ka da wannan sa'ar tun ba ta ga fuskarka ba. Ƴan biɗa, wato ƴan ci-rani, su riƙe lissafin agogo: Abijan tana bayan Tawa da awa ɗaya, Libiya tana gaba da awa ɗaya, Aljeriya da Najeriya kuwa daidai muke. Ƙarfe goma na dare a Abijan, lokacin da ka rufe tebur ka samu sukuni, sha ɗaya ne a gidansu.

Wannan duk jiran sa'o'i ne. Akwai jira na gaske, wanda ba jan aji ya sa shi ba, kuma shi ya fi cancantar a yi gardama a kansa a fada.

Na farko shi ne idda. In wadda ka gani bazawara ce, ko kana zaton haka, to ƙa'idar washegari ta faɗi, sai ka san matsayinta kafin yatsanka ya taɓa waya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar da aka saka tana yin tsarki uku. Wadda ta daina al'ada wata uku take yi. Mai ciki sai ta haihu. Wadda mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma. Asalin waɗannan hukunce-hukunce yana cikin Suratul Baƙara da Suratuɗ Ɗalaƙ, kuma duk wanda ya zauna gaban malami da Risala ya ji su. Matar da ke iddar sakin da ake iya kome, har yanzu igiyar mijinta na kanta, ko shaguɓen so bai halatta a yi mata ba. Mai takaba an yarda a yi mata ishara ta nesa, amma ban da fitowa fili, ban da ƙulla alkawari a ɓoye. Malamanmu sun tsananta ƙwarai a nan: wanda ya ɗaura aure da mace cikin idda har ya tare da ita, za a raba su, kuma ta haramta gare shi har abada. Waya ta sa mutane sun raina wannan iyaka. Mace ta dawo gidansu da takardar saki ranar Talata, kafin Juma'a saƙonnin jaje sun fara shigowa daga mazan da ba jaje ya kawo su ba. Wannan yana rufe ƙofar sulhu tsakaninta da uban ƴaƴanta, yana kuma jawo mata zargin cewa da ma can akwai wani. In kana sonta da gaske, ka sa wata tsohuwa a danginku ta riƙe maka lissafin. Ranar da ta fita idda, ka bar mata ƴan kwanaki ta yi kitso da lalle ta shiga mutane, sannan ka aika. Ga bazawara ba a jan lokaci bayan haka, domin ita ta san abin da take so, kuma shari'a ta ba ta bakin faɗa.

Na biyu shi ne neman wani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya shiga neman auren ɗan'uwansa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Malikawa sun fayyace cewa hanin yana hawa ne idan an riga an karkata ga mai neman farko, an amsa masa. Yarinyar da samari uku ke zuwa wurinta hira, ba a tsayar da kowa ba, ƙofarta a buɗe take. Wadda aka karɓi kuɗin gaisuwarta, ko aka sa mata rana, ta fita daga lissafinka, ko da ita da kanta ta ce maka ba ta son wancan. In maganar za ta warware, ta warware a hannun iyayenta ba da sa bakinka ba. A Adar wannan yana da wuyar sha'ani fiye da wasu wurare, saboda sau da yawa mai neman farkon ba ya gari. Shekara biyu yana Kwaddibuwa ko Libiya, ba a ganinsa a ƙofar gida, sai ka ɗauka filin babu kowa, alhali kawunsa ya kai goro tun kafin ya tafi. Shi ya sa bincike ya zama dole. A Tawa mako guda ya ishe shi. Ka faɗa wa gwaggonka ko yayarka sunan yarinyar da unguwarsu, kafin kasuwar Lahadi ta zagayo za ta kawo maka labarin ɗiyar wane ce, wa ke riƙonta, an yi mata miji ko ba a yi ba. A cikin wannan mako ka yi istihara.

Na uku shi ne shekarunta. In yarinyar tana aji uku ko huɗu na sakandare, jiranka na shekaru ne, kuma babu kira a cikinsu. Alƙaluman UNICEF sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika 18, babu ƙasar da ta kai mu. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace, amma takarda ba ta hana waya ƙara cikin jakar makaranta. Saurayin da ke kiran ƴar shekara goma sha huɗu kullum dare shi ne farkon fitarta daga aji, domin da zarar unguwa ta fara magana, uba zai ce gara a yi auren a huta. In kuwa babba ce, tana shirin BAC ko tana Jami'ar Djibo Hamani, ka gabatar da kanka, amma ka sassauta kira a watannin jarrabawa, wajen Yuni da Yuli. Za ta lura da wanda ya bar ta ta yi karatu.

To, ka kira ba a ɗauka ba fa? Kada ka jera kira goma. A arewacin Adar, can wajen Tabalak da hanyar Abalak, akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun rezo, akwai kuma wayar da ke kwana biyu a mace tana jiran a kai ta caji. Ko cikin birni, in wuta ta ɗauke a zafin Afrilu, haka ne. Ka bar kwana biyu, ka sake gwadawa sau ɗaya, ka bar gajeren saƙo mai sunanka wanda ba za ka ji kunya ba in mahaifinta ne ya buɗe. In shiru ya ci gaba, bayan mako guda ka aika mutum. In wannan ma bai kawo amsa ba, ka tsaya. Addini ya koya mana cewa mai sallama a ƙofar gida sau uku yake yi, in ba a ba shi izini ba ya juya, kuma ban ga dalilin da zai sa waya ta fi ƙofar gida sauƙin kutsawa ba. Canza layi don a ɗauka, ko tare ta da moto a hanyar makarantar islamiyya, ya fita daga neman aure ya zama takurawa.

Samari kan ce ai kunya ce, mace ba ta amsawa da wuri. Akwai kunya, amma tana da kamanninta. Mai kunya tana ɗaukar waya, ta amsa gaisuwa da kalma biyu, ta yi shiru ba ta kashe ba. In ka je ƙofar gida ka aika yaro ya ce ana sallama da wance, za ta daɗe, amma ƙanwarta za ta fito da tabarma da ruwa ta ce tana zuwa. Wadda ba ta so kuwa, yau an ce ba ta nan, gobe an ce ta yi barci, toshin da ka aika ya dawo yadda ka ƙulle shi. Wannan amsa ce cikakka, an ba ka ita ta hanyar da ba za ka ji kunya a gaban mutane ba. Ka karɓe ta haka.

In kuma an amsa, kada hirar ta tsufa a waya. Cikin mako biyu ko uku ya kamata a ga ƙafarka a ƙofar gidansu, da aboki ɗaya mai natsuwa, da sanin wani babba na gidan. Bayan wata biyu ko uku na zuwa hira, in hankalinku ya zo ɗaya, manya su shiga. Uban kirki ma ba zai bari ka wuce haka ba, zai aiko a ce maka ka turo magabatanka. Saurayin da ya shekara yana cinye mata dare a waya, babu wanda ya san shi a gidansu, yana korar mata masu niyyar gaske ne kawai.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato tafiya. Shekarar Adar tana da tsarinta. Daga Yuni zuwa Satumba kowa na gona, hatsin bara ya ƙare, babu mai sauraron zancen aure da daɗin rai. Da kaka, in an ɗaure damman hatsi an cika rumbu, sai bukukuwa su tashi, a nan ake ganin juna, a nan lambobi ke sauya hannu. Kuma a daidai nan ne tashoshin mota ke cika da samari masu tafiya biɗa, wasu Abijan, wasu Legas ko Kamaru, wasu su bi ta Agadas zuwa Aljeriya da Libiya. Abin ya daɗe. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a Keita a 1984, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, domin mazan ba sa gida. Matan wannan yanki sun san jira tun daga kakanninsu, shi ya sa bai kamata a ƙara musu wanda ba shi da dalili ba.

Saurayi ya ga yarinya a watan Nuwamba, saura kwana goma ya hau mota. Sai ya ce a ransa bari in je in samo abin hannu tukuna, in na dawo sai in yi magana da ƙarfina. Yana ganin mutunci ne ya hana shi zuwa hannu wofi. Ya dawo bayan damina biyu da akwati da sabuwar waya, ya tarar tana goye da ɗa. Babu wanda ya ci amanarsa, domin bai ba kowa amana ba. In tafiya na gabanka, jiranka ya gajarce: ka yi binciken cikin kwana uku, ka ji ta bakinta, ka sa kawunka ko baffanka ya je ya gaida mahaifinta ko da da goro kaɗan ne, a san da kai. Ka kuma faɗi lokaci da sunansa, Babbar Salla mai zuwa, ko kafin shuka, ko kakar baɗi. "Sai na dawo" marar wata jiran gawon shanu ne, kuma babu uban da zai ajiye ɗiyarsa a kansa. Kana can kuma, kira ɗaya a mako a ranar da kuka tsayar ya fi kira ashirin a makon farko sannan shiru wata huɗu. In abin ya ƙi, kuɗin bai taru ba, ka kira kawun nan ka faɗa masa gaskiya, a sake sa lokaci ko a sake ta.

Akwai kuma kishiyar wannan, ɗan biɗa da ya zo hutun Salla da mako biyu a hannunsa, yana son a gani, a so, a ɗaura kafin motarsa ta tashi. Shi kuma a ce masa ya gabatar da kansa yanzu, aure sai zuwa na gaba. Mako biyu ba ya isa a san halin mutum, balle wanda za a bar wa iyayensa yarinya ya koma.

Azumi ba ya hana gaisuwa, sai dai a bari sai bayan asham, a kuma taƙaita. In rasuwa aka yi a gidansu, ka je ta'aziyya cikin mutane, ka zauna wurin maza, ka tashi ba ka nemi ganinta ba. Maganarka ta jira a share makoki, in mamacin na kusa ne ƙwarai har a wuce arba'in.

Ke kuma, ƴar'uwa, ke ma kina da naki lissafin. In ya kira kina so, ba sai kin bar wayar ta yi ta ƙara kwana uku don kada a ce kin yi arha ba. Ki ɗauka, ki amsa gaisuwa, ki ce masa lokacin da ya dace. In ba ki so, ki faɗa tun a kiran farko ko ki aika a faɗa masa, kada ki karɓi kiredinsa da toshinsa. In kuwa ke kika fara ganin mutumin kirki, babu laifi ki aika. Nana Khadija ita ta tura ƙawarta Nafisa ta ji ta bakin Annabi. Ki nemi yayarki ko matar kawunki ta san yadda za ta kai maganar ba tare da sunanki ya zaga unguwa ba. Wanda ya karɓi lambarki ya yi mako bai kira ba, ba kuma tafiya ko ciwo ya riƙe shi ba, kada ki bi shi da bip. Wanda kuma ya ce ki jira shi zai tafi biɗa, ki tambaye shi wane wata zai dawo, kuma wa zai zo ya ga Baba kafin motar ta tashi. In ya kawo sunan watan da sunan mutumin, ki faɗa wa innarki a daren nan.